Umar Khayyam: malamin lissafi ne ko mawaƙin giya?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai mutumin da nake ganin an zalunci tarihinsa, ina son mu zauna a kansa yau, wato Umar Khayyam. Duk inda aka ambace shi a intanet, hoton da ake liƙawa na wani dattijo ne a gindin bishiya, ga tulun giya ga budurwa a gefe. Ni da nake koyar da lissafi ta wata ƙofa na san shi. An haife shi a Naisabur ta ƙasar Khurasan, arewa maso gabashin Iran ta yau, a 1048, kuma a can ya rasu a 1131 bisa zance mafi shahara. Garin Imamu Muslim ke nan, garin da Imamul Haramaini Juwaini ya karantar da Gazali. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya tafi Samarƙand, wajen 1070 ya rubuta littafinsa na aljabara, ya sadaukar da shi ga babban alƙalin garin, Abu Tahir. A 1074 Sarki Malik Shah na daular Saljuƙawa da wazirinsa Nizamul Mulk suka kira shi Isfahan aikin duban taurari da gyaran kalanda. Waɗannan ayyuka suna nan, an san nasa ne, babu mai jayayya. To da wace hujja muka ajiye su, muka rataya masa baitocin da ba a tabbatar bakinsa ya furta yawancinsu ba?

Malam Nura:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Hanan, ruwa ba ya tsami banza. Ba Turawa suka fara sukar mutumin nan ba, malaman Musulunci ne. Najmuddin Razi, Basufe ne ma, a littafinsa Mirsadul Ibad da ya rubuta wajen 1223 ya kawo baitoci biyu na Khayyam, ya sa shi cikin ɓatattun masu falsafa. Ɗayan baitocin ma'anarsa ita ce: wannan zuwa da tafiya da muke yi ba a ga farkonsa ba, ba a ga ƙarshensa ba, kuma babu wanda ya faɗi gaskiyar daga ina muka zo, ina za mu. Mumini yana faɗin haka? Alƙur'ani ya riga ya gaya mana daga ina muka zo, ina za mu koma. Sai kuma Ƙifɗi, marubucin tarihin masana, wanda ya rasu a 1248, ya ce baitocinsa a zahiri suna kama da zancen Sufaye, amma cikinsu macizai ne masu saran shari'a. Ya ƙara da cewa da mutanen zamaninsa suka fara zarginsa a addininsa, sai ya ji tsoron ransa, ya kame bakinsa ya tafi hajji. Iya lissafi ba ya wanke aƙida.

Maman Ilham:
Allah ya gafarta Malam, abin da ka kawo daga waɗannan mutum biyu haka yake. Amma dubi shekarun. Najmuddin ya yi rubutu kusan shekara casa'in bayan rasuwar Khayyam, Ƙifɗi kuwa ya fi haka nisa, kuma Bamisire ne da ya zauna a Halab, bai taɓa ganinsa ba. Me waɗanda suka gan shi ido da ido suka ce?

Mutum biyu muke da su. Na farko Nizami Aruzi, mutumin Samarƙand, wanda ya haɗu da shi a Balkh a shekarar 506 ta Hijira. A littafinsa Maƙaloli Huɗu ya ware babi guda na magatakarda, guda na mawaƙa, guda na masana taurari, guda na likitoci. A babin masana taurari ya sa Khayyam, ya kira shi Hujjatul Haƙƙi, bai kawo masa baiti ko ɗaya ba. Ga shi Aruzi mawaƙi ne, da waƙa yake cin abinci a fadar sarakuna. Na biyu Zahiruddin Baihaƙi, ba mai Sunan ba, wani ne daban, wanda mahaifinsa ya kai shi wurin Khayyam yana yaro a 507. Shi ma bai ce masa mawaƙi ba. Kuma ba za a ce yabonsa kawai yake yi ba, domin ya faɗi aibinsa ƙarara: mutum ne mai zafin rai, mai rowar koyarwa da rowar rubutu. Wanda ya iya faɗin wannan, da ya san mashayi ne me zai hana shi faɗa?

Sadiya:
Anti Maman Ilham, to su baitocin daga ina suka fito kenan? Ni na ɗauka littafi ne guda ya rubuta ya bari.

Maman Ilham:
A'a ƙanwata, bai bar diwani ba. Irin waƙar ana ce mata ruba'i, ƙwar huɗu ce, ɗango na ɗaya da na biyu da na huɗu amsa-amonsu ɗaya, kuma kowane baiti cin gashin kansa yake yi, ba ya jingina da na gaba. Malamai da likitoci da sarakunan Farisa duk suna yin ta a majalisa, a haddace, a wuce. Abu gajere haka ba wuya ya sauya uba.

Farkon wanda aka samu ya jingina masa ruba'i na Farisanci shi ne Fakhruddin Razi mai tafsiri, wanda ya rasu a 1210, baiti ɗaya tak. Najmuddin ya kawo biyu. Wani tarin waƙoƙi na 1341 ya kawo 13. Kwafin da ke ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, wanda aka rubuta a Shiraz a 865 Hijira, wato wajen 1460, yana da 158. Bayan nan aka yi ta samun masu ɗari biyar, har masu fiye da dubu. Mamaci ne, amma kowane ƙarni waƙoƙinsa ƙaruwa suke yi. A 1897 wani masani ɗan Rasha, Zhukovsky, ya bi diddigi ya tarar 82 daga cikinsu suna cikin diwanan wasu mawaƙa daban. Masanan Iran su kansu sun kasa haɗuwa a kan adadi: Sadiƙ Hidayat ya zaɓi 143 a 1934, Furugi da Gani suka zaɓi 178 a 1941. Malam Nura, kai mutumin hadisi ne. In aka kawo maka ruwaya mai irin wannan isnadi, wane hukunci za ka yi mata?

Malam Nura:
Hajiya, zan ce mafi yawanta ba ta inganta ba, wannan babu gardama. Amma ki lura da abin da ke cikin maganarki. Waɗanda suka fi tsufa, na Fakhruddin da na Najmuddin, su ne mafi kusa da inganci, kuma su ne masu tambayar me ya sa Mahalicci ya ƙera jiki da kyau sannan ya rushe shi. Na giya da 'yan mata ba su dame ni kamar waɗannan ba. Kuma me ya sa duk mai baitin shakka da yake tsoron sa sunansa sai ya jingina wa Khayyam, bai jingina wa Ƙushairi malamin Sufaye ba, ga shi shi ma Banaisabure ne? An san inda kayan za su zauna ne.

Maman Ilham:
Wannan tambayar taka ta ƙarshe tana da ƙarfi, na yarda. Amsar da nake gani ita ce an san shi da falsafa, a zamanin da kalmar ta fara zama zagi.

Baba Alhaji:
Yarana, ku bar tsoho ya sa baki. Mu da muka yi karatu a Masar ta rediyo muka fara jin sunansa. Ahmad Rami ya koyi Farisanci, ya mayar da baitocin Larabci a 1924, Ummu Kulsum ta rera wasu daga ciki a 1950. Waɗanda aka zaɓa mata da neman gafarar Ubangiji da fatan rahamarsa suka ƙare. Na ga manyan mutane masu rawani suna sauraro idonsu na kawo ruwa. Bayan shekaru na ga na Turanci, na ce anya mutum ɗaya ne? Kowa ya shiga rumbun nan abin da yake so yake ɗebowa.

Ɗan Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni a ganina giyar ma ba giya ba ce. Duk wanda ya zauna gaban shehunai ya san Ibnul Farid, wanda ya rasu a Alƙahira a 1235, yana da ƙasida sukutum a kan giya, kuma babu mai hankalin da ya ce ta inabi yake nufi. Shauƙin Ubangiji ne. Haka Hafiz, haka Rumi. Me zai sa a yi wa waɗannan uzuri a hana Khayyam? Kuma ina da hujja daga alƙalaminsa. A wata risala da ya rubuta da Farisanci a kan samuwa, ya kasa masu neman sanin Allah kashi huɗu: malaman kalam, masu falsafa, Isma'ilawa masu cewa sai ta bakin imami, sai Sufaye. Ya ce hanyar Sufaye ta tsarkake zuciya ita ta fi. Wanda ya karanta Munƙiz na Imamu Gazali zai ga kashin nan huɗu ne dai, kuma inda Gazali ya sauka nan Khayyam ya sauka.

Maman Ilham:
Ɗan'uwa, risalar nan hujja ce mai kyau, amma kar mu ja ta ta wuce inda ta tsaya. Baitocin Ibnul Farid suna kai mutum ga Masoyi. Da yawa cikin na Khayyam kabari suke kai mutum: tulun nan da kake sha da shi yumɓunsa jikin wani ne da ya taɓa soyayya, ciyawar da kake takawa daga kuncin wata ta tsiro. Wannan ba maye na shauƙi ba ne, tunanin mutuwa ne na wanda abin ya hana shi barci. Ƙifɗi ma abin da yake cewa ke nan, Sufayen baya ne suka ɗauke su suka sa a majalisunsu. In mun ƙi yarda a mayar da shi mashayi ba hujja, kar mu mayar da shi shehin ɗariƙa ba hujja.

Abu Hanan:
Kun ga abin da nake kuka da shi. Tun ɗazu muna kan giya, babu wanda ya tambayi me ke cikin littafin aljabarar.

Sadiya:
Malam, ni na tambaya. Amma a sauƙaƙe don Allah.

Abu Hanan:
Madalla. Khawarizmi, a Bagadaza ƙarni na tara, ya tsara yadda ake warware matsalar da abin da ake nema ya ninka kansa sau biyu, wanda Larabawa ke kira mal. Khayyam ya hau mataki na gaba, inda ya ninka kansa sau uku, wato ka'ab. Ya jera nau'o'in matsaloli 25, ya nuna 14 daga ciki ba sa komawa ƙasa, dole a nemo musu hanya sabuwa. Hanyarsa ta zane ce. In ka yanka abu mai siffar mazurari ta fuskoki daban-daban, bakin yankan yana ba ka da'ira ko wasu lanƙwasassun layuka. Sai ya zaɓi biyu daga cikinsu ga kowace matsala, ya zana su, inda suka gitta juna nan amsa take.

Ga misali ƙarami. Wace lamba ce in ka ninka ta sau uku da kanta, ka ƙara ninkinta huɗu, za ta ba ka 16? A hanyarsa za ka zana rabin da'ira mai faɗin 4, wato 16 a raba 4, ka zana lanƙwasasshen layi mai kama da kwano wanda ya tashi daga bakin da'irar, an gina shi a kan 2, lambar da in ta ninka kanta take ba da 4. Za su haɗu a daidai nisan 2. Gwada: 2 sau 2 sau 2 takwas, 4 sau 2 takwas, jimla 16. Abin da ya fi burge ni shi ne ya faɗa da bakinsa cewa ya nemi hanyar warware su da lambobi zalla bai samu ba, wataƙila wani na baya zai samu. Aka yi kusan shekara 470 kafin Cardano ya buga ta a Italiya a 1545. A 1077 kuma ya yi sharhi a kan wuraren da suka shige duhu a littafin Iƙlidis, masanin lissafi na tsohuwar Girka, musamman batun layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. Siffar mai kusurwa huɗu da ya yi aiki da ita, ita ce wani Ba'italiye, Saccheri, ya sake ɗaukowa a 1733. Yana da risala a kan gane yawan zinariya da azurfa a cikin ƙarfen da aka gauraya, ta hanyar auna shi a iska da cikin ruwa. Mutumin da bai rabuwa da tulu ba ya wannan aiki.

Malam Nura:
Wannan jimlar ta ƙarshe ba hujja ba ce Malam, an sha ganin masu kaifin ƙwaƙwalwa da ke saɓo. Kuma kalandar da kake yabo, ba ƙarin kwanaki suka yi a shekara ba? Suratut Tauba ta yi magana a kan masu jinkirta watanni.

Abu Hanan:
Ayar tana magana ne a kan masu ɗage watanni masu alfarma don su halatta yaƙi. Kalandar da suka gyara, wadda ake kira Jalali, ba ta taɓa azumi ko hajji ba, waɗannan da ganin wata aka ci gaba da yin su. Matsalar haraji ce ta kawo ta. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, tsohuwar shekarar Farisawa kuma kwana 365 cif take ba ƙari, don haka lokacin karɓar haraji ya riƙa zamewa yana riskar manomi amfani bai nuna ba. Ibnul Asir mai tarihi ya kawo labarin a abubuwan shekarar 467 ta Hijira: an tara masana, cikinsu da Khayyam da Isfizari da Maimun Wasiɗi, aka tsayar da farkon shekara a ranar da rana ke shiga burjin Hamal, alhali da ya zame zuwa tsakiyar burjin Hut. Aka fara aiki da ita a Maris 1079. Mu ma nan haka malamanmu na hisabi suke yi: azumi da wata, amma shuka da taurarin damina ake lissafa ta, don wata ba ya gaya wa manomi yaushe ruwa zai zauna.

Ƙa'idar da ake danganta wa kalandar ita ce shekara takwas masu ƙarin kwana a cikin kowace 33. Raba ka gani, shekara ta zama kwana 365.2424. Ta Turawa da Fafaroma Gregory ya kafa a 1582 tana ba da 365.2425, ainihin shekarar rana kuwa wajen 365.2422 ce. Kalandar da Iran ta mayar ta hukuma a 1925 a kan wannan tushe take. Aikin Isfahan ya tsaya ne a 1092, shekarar da aka kashe Nizamul Mulk, Malik Shah ya bi shi bayan wata guda, kuɗin ɗakin duban taurari ya yanke.

Sadiya:
Na taɓa jin wai shi da Nizamul Mulk da Hasan Sabbah jagoran Isma'ilawa ajinsu ɗaya, har suka yi alkawarin wanda ya samu duniya zai taimaki sauran.

Maman Ilham:
Tatsuniya ce mai daɗi, amma Nizamul Mulk a 1018 aka haife shi, ya girmi Khayyam da shekara talatin. Abin da ya yaɗa ta shi ne gabatarwar Edward FitzGerald, Baturen Ingila da ya fitar da baitoci 75 da Turanci a 1859, bai ko sa sunansa ba. Kwafi 250 aka buga, ba su sayu ba, har mai kanti ya zuba su a akwatin kwabo-kwabo, sai a 1861 wasu mawaƙan Landan suka tsince su. Daga nan abin ya kama kamar wutar daji a Ingila da Amurka. Shi FitzGerald bai ɓoye ba, a wasiƙarsa ga abokinsa Cowell ya ce yana yin yadda ya ga dama da mawaƙan Farisa. Yakan haɗa baiti biyu su zama ɗaya, ya jera su kamar labarin yini guda daga asuba zuwa dare, tsarin da babu shi a asali. Hoton da Malam Abu Hanan ya yi ƙorafi a kai daga bugun littafin nan masu zane ya fito.

Malam Nura:
To mu ajiye FitzGerald, mu ajiye baitocin ma gaba ɗaya. Baihaƙin da Hajiya ta kafa hujja da shi ya ce Khayyam magajin Ibnu Sina ne a falsafa, shi ma da kansa ya kira Ibnu Sina malaminsa, ko da yake ta littafi ne, tunda Ibnu Sina ya rasu a 1037. Imamu Gazali kuwa a Tahafut ya kafirta masu falsafa a mas'ala uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Baihaƙin ne ma ya ce Gazali ya taɓa yi masa tambaya a kan falaki, Khayyam ya yi ta jan bayani har ladan ya kira azahar, Gazali ya karanta ayar gaskiya ta zo ƙarya ta gushe, ya tashi ya tafi. Ni ba na kafirta shi, ban da wannan hurumin. Amma Sayyidina Umar ya tuɓe Nu'uman ɗan Adiyyu daga mulkin Maisan saboda baitocin giya, duk da ya rantse bai sha ba. Bai yi masa bulala ba, bai kuma bar shi a kan kujera ba. Matsayina ke nan: a koyar da lissafinsa, kar a ba yara baitocin.

Baba Alhaji:
Nura, tunda ka buɗe Baihaƙi, karanta shi har ƙarshe. Ya ce wata rana a gidan waziri ana saɓani a kan ƙira'ar wata aya, Khayyam ya shigo, aka tambaye shi. Ya jero fuskokin ƙira'ar da dalilin kowace, har da waɗanda ba su shahara ba, ya rinjayar da ɗaya. Limamin maƙaranta da ke wurin ya ce bai zaci ko cikin maƙaranta akwai mai wannan sani ba, balle cikin masu falsafa. Kuma ya kawo yadda ya cika, daga bakin surukinsa. Yana karanta babin ilahiyyat na Shifa, littafin Ibnu Sina, ya kai inda ake maganar Ɗaya da masu yawa, ya sa tsinken sakace na zinariya tsakanin shafuka ya rufe. Ya yi wasiyya, bai ƙara ci ko sha ba, ya yi sallar isha, ya yi sujada yana cewa ya Allah ka san na san ka gwargwadon iyawata, ka gafarta mini, sanina da kai shi ne tsanina zuwa gare ka. A nan rai ya yi halinsa. Littafi ɗaya ne ya kawo labarin Gazali ya kawo wannan. In za ka karɓi ɗaya, karɓi ɗayan.

Malam Nura:
Na karɓa Baba, Allah ya sa ya cika da imani, ba na yi wa kowa fatan wuta. Amma bai sauya abin da na ce game da yara ba.

Ɗan Damagaram:
Malam Nura, mas'alolin nan uku da ka lissafa, a wace risala tasa ka ga ya faɗi ɗaya daga ciki? Risalarsa ta Kaunu wat Taklif, da ya rubuta a 473 Hijira yana amsa tambayar wani alƙali almajirin Ibnu Sina, hujja yake kafawa a kan hikimar halitta da dalilin da ya sa aka ɗora wa bayi ibada, da buƙatar mutane ga annabi. Ya kuma mayar da huɗubar Ibnu Sina ta tauhidi zuwa Farisanci. Kawo mana shafi, kar mu hukunta almajiri da laifin malami.

Malam Nura:
Hujjar da ya kafa ta annabci a risalar nan irin ta Ibnu Sina ce, wai mutane na buƙatar mai kafa musu doka don zaman tare ya yiwu. Wannan kaɗai abin dubawa ne, don annabci ya wuce gyaran zaman gari. Zan ɗauko risalar in sa muku wurin bayan isha, Hajiya kuma ta taimaka mana da baitoci 13 ɗin nan na 1341, mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu ga nawa ne na giya, nawa ne na shakka.

Maman Ilham:
In sha Allahu Malam. Da Farisancinsu zan kawo su, da fassarar Larabci a ƙasa, don kar a ce Bature ya shiga tsakani.